Namiji ya raunata al'aurarsa da hannunsa: me tiyata ke iya gyarawa?

Lokaci zuwa lokaci irin wannan labari kan ɓulla: wani matashi ko magidanci ya yi wa mazakutarsa ko marainansa mummunan rauni da hannunsa, an garzaya da shi asibiti jina-jina. Nan take baki ya rabu. Wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce sammu aka yi masa, wani ya ce ai ƙwaya ce, akwai ma masu mayar da abin na raha. Bayan kwana biyu zancen ya mutu, ba wanda ya sake tambayar yadda mutumin ya ƙare. Alhali a nan tambayoyin suke. Ana iya mayar da abin da aka yanke? Idan an mayar, zai yi aiki? Me zai hana shi sake yi?

Abin da likitoci suka gano cikin shekaru masu yawa shi ne, tiyata na gyara fiye da yadda mutane ke zato, muddin an isa asibiti da wuri. Amma ɗinki kaɗai ba ya gama aiki, domin a mafi yawan lokuta ciwon da ya jawo raunin ba a jiki yake ba.

Raunin ba iri ɗaya ba ne

Mafi sauƙi shi ne yankan da ya tsaya a fata, na azzakari ko na jakar maraina. Sai mai zurfi, wanda ya taɓa bututun fitsari ko naman ciki da ke cika da jini lokacin miƙewa. Sai mafi muni, guntule azzakari rabi ko gaba ɗaya, ko cire maraina ɗaya ko duka biyun.

Akwai kuma wani rukuni na daban, na waɗanda ba su yi niyyar cutar da kansu ba. Wani zobe ne ya maƙale masa, wani ya zura abu a bututun fitsari ya ƙi fita, wani ya yi wa kansa allurar mai don neman ƙarin girma, wani kuma baligi ne da ya ji kunyar zuwa asibiti ya yi wa kansa kaciya. Waɗannan da hankalinsu. Abin da ke cutarsu shi ne ɓoyo. Zoben da za a iya cirewa cikin sauƙi a ranar farko, idan ya kwana uku yana iya kashe naman da ke gabansa.

Kada a haɗa wannan duka da jita-jitar satar mazakuta da kan tashi a kasuwanni da tashoshin mota. A can, idan likita ya duba, gaɓar tana nan lafiya lau, tsoro ne ya kama mai ita. A nan kuwa rauni ne na zahiri, da jini.

Me ke kai mutum ga haka?

A 1979 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Greilsheimer da Groves, sun tattara labarin maza sama da 50 da aka taɓa rubutawa a mujallun likitanci, suka ga kusan kashi 87 cikin 100 suna cikin taɓin hankali lokacin da suka aikata. A 2017 Veeder da Leo suka sake tattarawa, wannan karon mutum 173. Kashi 49 cikin 100 suna da ciwon sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, ko danginsa, kashi 18.5 matsalar shaye-shaye, kusan kashi 16 matsalar ɗabi'a mai tsanani, kashi 15 kuma masu jin cewa jikinsu bai dace da jinsin da suke ji a ransu ba. Duk waɗannan alƙaluma daga rahotannin da likitoci suka ga ya cancanci a buga aka samo su, kuma abin da ya fi ban mamaki shi aka fi bugawa. Saboda haka suna nuna nau'in mutanen, ba yawansu a cikin al'umma ba. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, ko a cikin masu taɓin hankalin ma.

Taɓin hankalin da ake nufi shi ne wanda mutum ke rasa bambance zahiri da abin da ƙwaƙwalwarsa ta ƙirƙira. Yana jin murya tana ba shi umarni, muryar da a kunnensa ba ta da bambanci da ta wanda ke zaune kusa da shi. Ko ya yi imani, imanin da ba ya jijjiguwa, cewa gaɓar ce tushen zunubinsa, ko cewa idan bai rabu da ita ba wani bala'i zai afka wa iyalinsa. Likitoci kan kira wannan ciwon Klingsor, sunan wani mutum a cikin wani tsohon labarin Jamusawa da ya fiɗiye kansa don neman tsarki.

Sau da yawa maras lafiya yana kawo hujjar addini, shi ya sa wasu ke ɗora wa addinin laifi. Nassi kuwa akasin haka ya nuna. A hadisin da Bukhari da Muslim suka rawaito, Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya ce Manzon Allah (SAW) ya hana Usman bin Maz'un ƙaurace wa aure, da ya yarda masa da sun fiɗiye kansu. A ɓangaren Kiristanci, taron manyan malaman coci da aka yi a garin Nikiya a shekarar 325 ya hana wanda ya yi wa kansa haka da gangan zama malamin coci. Ciwon ne ke aron yaren da mutum ya fi sani, mai addini ya ji shi da yaren addini.

Wani bincike da likitoci a Ostireliya suka fitar a 2009 kan manyan raunukan da mutane ke yi wa kansu ya nuna abin lura: fiye da rabin masu sikizofireniyar da suka yi hakan sun yi ne a tashin ciwon na farko, kafin a taɓa ba su magani. Wato mutum ne da ya yi makonni ko watanni yana sauyawa a gaban 'yan gidansu, ana cewa zai wuce. Wiwi da ƙwayoyi masu hana barci dangin amfetamin na iya tayar da irin wannan ciwo, kuma binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar.

Sa'o'in farko

Rai ake fara ceto. A samu ƙyalle mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, kada a zuba toka ko garin magani ko man fetur. A ɗauke duk wani abu mai kaifi daga kusa da shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Idan maraina ne, jijiyar da ke kai musu jini tana iya janyewa ta koma cikin matsematsi, jini ya riƙa zuba a ciki alhali a waje ana ganin kamar ya tsaya. Don haka tsayawar jini ba dalilin zama a gida ba ne.

Sai guntun da ya fita. A nemo shi, ko da ya faɗa ƙasa. A ɗauraye shi a hankali, a naɗe da bandeji ko ƙyalle mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa wannan ledar cikin wata leda ko kula mai ruwan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kada kuma a sa shi a firiza, daskarewa kashe shi take yi. Leda biyu da ƙanƙarar mai sayar da zoɓo sun isa, ba sai kayan asibiti ba.

Dalilin sanyin shi ne lokaci. Ba tare da sanyi ba, bayan kimanin awa 6 nama ya fara lalacewa. Da sanyi an sha yin nasara bayan awa 16, kuma ƙa'idojin ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai na ganin a gwada jonawa cikin awa 24. Maraina ba su da wannan juriya, nasu lokacin ya fi gajarta ƙwarai. A asibiti za a fara da ƙarin ruwa ko jini, maganin kashe ƙwayoyin cuta, allurar rigakafin tetanus, da maganin kwantar da hankali idan yana fisge-fisge.

A ɗakin tiyata

An fara ba da rahoton mayar da azzakarin da ya guntule tun 1929. A wancan zamani ido kawai ake amfani da shi: a ɗinke bututun fitsari, a ɗinke naman ciki, a rufe fata. Abin mamaki, sau da yawa yana kamawa, saboda naman wurin kamar soso yake, jini na iya ratsawa ta cikinsa ko ba a jona jijiyoyi ba. Ƙasar da ta fi tara ƙwarewa a wannan salo ita ce Tailan, inda tsakanin 1973 da 1980 aka samu kimanin mutum 100 da matansu suka yi musu wannan aika-aika. Likitocin asibitin Siriraj da ke Bankok sun buga rahoton mutum 18 a 1983. Gaɓar kan rayu, amma fata na yawan mutuwa, ji kuma ya ragu.

Sauyin ya zo a 1977, lokacin da tawagar Tamai a Jafan da ta Cohen a Amurka, kowace a nata ɓangaren, suka ba da rahoton jona jijiyoyin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Yau wannan ce hanyar da aka fi so a duk inda akwai kayan aiki da ƙwararru.

Aikin yana da tsari. Ana fara buɗa wa fitsari wata hanya ta mara da roba, don kada ya bi ta kan ɗinki. Sannan a sa robar fitsari ta zama ginshiƙi, a ɗinke bututun a kanta. Sai a haɗa farar fata mai ƙarfi da ta lulluɓe sandunan nama biyu masu kawo miƙewa. Bayan nan ne aikin natsuwa ke farawa. A saman gaɓar akwai jijiyoyin da ke kawo jini, da wadda ke mayar da shi, da jijiyoyin ji, kaurin wasunsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kamar tsinken ashana ko ƙasa da haka. Likita na zaune, idonsa a madubi, yana ɗinke su da zaren da ya fi gashin kai siranta. Ana ɗaukar sa'o'i da dama. Idan aka saki abin da ya danne jijiya, naman da ya yi fari fat ya fara yin ja, a nan ake sanin jini ya koma.

Kwanakin da ke biyo baya na tsaro ne. Ma'aikatan jinya na duba launi da ɗumin wurin akai-akai. Matsalar da aka fi tsoro ita ce jini ya shiga ya kasa fita, wurin ya kumbura ya yi duhu. A wasu manyan asibitocin duniya maganin wannan shi ne matsattsaku, wanda ake kiwo musamman don asibiti, a ɗora shi ya tsotse jinin da ya taru har sababbin jijiyoyi su tsiro. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da amfani da shi a 2004. Robar fitsari kan zauna mako biyu zuwa uku.

Idan guntun ya ɓata ko ya mutu, sai a gyara abin da ya rage, a tsara ƙofar fitsari yadda ba za ta toshe ba. Idan ragowar ta yi gajarta sosai, ana iya buɗe ƙofar a ƙasa, mutum ya riƙa fitsari a tsugune, wanda a wajen namijin da da ma haka ya saba ba babban sauyi ba ne. Daga baya ana iya gina sabuwar gaɓa da fata da jijiyoyin da aka ɗebo daga hannu, salon da likitocin Sin suka bayyana a 1984, sai dai tana buƙatar a dasa mata na'ura kafin ta miƙe. Dashen azzakarin wani mutum kuwa, wanda aka fara yin nasararsa a asibitin Tygerberg na Afirka ta Kudu a Disambar 2014 ga wani matashi da kaciya ta lalata wa gaba, har yanzu 'yan ƙalilan ne a duniya, kuma yana tafe da shan maganin hana jiki ƙin dashe har ƙarshen rayuwa.

Yaya sakamakon yake?

Wani nazari na 2017 ya tattara mutum 106 da aka mayar wa azzakari. Kusan kashi 97 cikin 100 na fitsari yadda ya kamata, kimanin kashi 77 sun dawo da miƙewa, kashi 68 sun dawo da cikakken ji. Ta ɗaya gefen, fiye da rabinsu wani sashe na fata ya mutu, abin da kan sa a yi dashen fata daga baya. Kashi 11 bututun fitsarinsu ya tsuke, kusan kashi 7 suka samu yoyon fitsari. Duk da haka sama da kashi 90 sun ce sun gamsu. A nan ma a tuna cewa aikin da ya yi kyau aka fi rubutawa. Ji ba ya dawowa nan take, jijiyar ji a hankali take tsirowa, sai an yi watanni.

Lissafin maraina daban ne. Guda ɗaya mai lafiya ya isa ya samar da sinadarin mazantaka da ƙwayoyin haihuwa. Wanda ya rasa duka biyun ba zai ƙara haihuwa ba, kuma zai buƙaci a riƙa ba shi sinadarin mazantakar, wato testosteron, har abada. Idan ba haka ba, sha'awa ta ɗauke, kasala ta zo, ƙashi ya riƙa rauni.

Alƙalumin da ya fi tayar da hankalin likitoci ba na ɗinki ba ne. A 1993 likitocin mafitsara a San Francisco suka ba da rahoton mutum 14 da suka zo da raunuka 19 cikin shekara 10. Kashi 65 cikin 100 na da taɓin hankali, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku sun sake maimaitawa, yawancinsu daga cikin masu taɓin hankalin. Sun kuma lura cewa girman rauni bai bambanta tsakanin mai taɓin hankali da maras shi ba, don haka ba a gane halin ƙwaƙwalwar mutum daga kallon ciwonsa.

Saɓanin likitoci: a jona ko a bari?

Ga mutum a kan gadon gaggawa yana cewa shi ba ya so a mayar masa. Me za a yi?

Masu taka-tsantsan na cewa jikinsa ne, kuma ƙa'idar likitanci ita ce ba a yi wa baligi aiki sai da yardarsa. Suna ƙarawa da cewa aiki ne mai tsawo da tsada, kuma mutumin da hankalinsa bai dawo ba zai iya warware ɗinkin a daren farko.

Ɗaya ɓangaren na cewa yarda da ƙi duka suna buƙatar hankali. Wanda murya ke ba wa umarni ba shi ne ke magana ba. Ciwon ƙwaƙwalwar yana jin magani cikin kwanaki ko makonni, naman kuwa sa'o'i kawai gare shi. Idan an jona kuma daga baya ya ce ba ya so, akwai gyara. Idan an jefar, shi ke nan. Rahotanni da dama sun nuna marasa lafiya suna nadama da zarar magani ya kama su. Wannan ra'ayi ne ya fi rinjaye a yau, da sharaɗin a kira likitan ƙwaƙwalwa tun kafin a shiga tiyata, a nemi sa hannun dangi, kuma a sa mai gadin maras lafiya dare da rana bayan an fito.

Inda saɓanin bai ƙare ba shi ne mutumin da aka auna aka ga hankalinsa ƙalau, ya daɗe da ƙudurin, kamar wasu daga cikin masu matsalar jinsi, ko wanda ya yi sau biyu sau uku duk da magani. A irin wannan, likitoci da yawa na tsayawa ga ceton rai da gyara hanyar fitsari.

Idan a gidanmu ne

Abin ba baƙo ba ne a asibitocin Najeriya. Farfesa Ndubuisi Eke na Fatakwal ya buga nazari a kansa a wata mujallar likitocin mafitsara ta Birtaniya tun 2000. Wahalar tana wajen isa ga wanda ya iya. Jona jijiya a ƙarƙashin madubi na buƙatar likitan mafitsara da likitan gyaran jiki da kayan aiki na musamman, ba kowane babban asibiti ke da su ba. Iyalin da suka fara zuwa kemis, daga nan ƙaramin asibiti, daga nan babban asibitin gari, kafin a tura su asibitin koyarwa, sun cinye lokacin a hanya. Ga kuɗi, a ƙasar da fiye da kashi 70 na kuɗin magani daga aljihun jama'a yake fita. Inda babu madubi, tsohon salon ɗinki da ido har yanzu yana ceto gaɓa, ya fi a haƙura.

Tsoron hukuma ma na sa jinkiri. Sashe na 231 na dokar fanal kod da ake aiki da ita a Arewa ya tanadi hukunci ga yunƙurin kashe kai, sai dangi su ji tsoron kada zuwa asibiti ya zama zuwa caji ofis, ko da yake yawancin masu irin wannan rauni ba mutuwa suka nufa ba. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ɗauki mai taɓin hankali a matsayin maras lafiya mai haƙƙi. A addinance ma, hadisi ya zo cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, ana iya yin su a gefen gado. Jini ne ba ya jira.

Bayan sallama aikin ke komawa hannun iyali. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka ranar ganin likita ba abin wasa da ita ba ce. Haɗarin ya fi yawa lokacin da maras lafiya ya ji sauƙi ya ajiye magani, ko ya koma ga abokan shaye-shaye, ko aka mayar da shi abin nuni a unguwa har ya daina fita. Ga wanda ba ya jure haɗiyar ƙwaya kullum, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Matar aure ma na buƙatar likita ya zauna da ita ya gaya mata gaskiyar abin da zai dawo da wanda ba zai dawo ba, da kuma tsawon lokacin da za a jira.

Alamomin kan riga raunin zuwa. Mutum ya daina barci, ya killace kansa, yana magana shi kaɗai ko yana kasa kunne ga abin da ba wanda ke ji, yana yawan cewa shi ƙazantacce ne, ko ya furta cewa gabansa ne matsalarsa. Duk wanda ya faɗi haka, ko ya taɓa yi wa wurin ɗan ƙaramin yanka, a kai shi a ranar, ba gobe ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen masu taɓin hankali. Wanda kuma shi da kansa yake jin irin wannan tunani na zuwar masa, ya gaya wa wani na kusa da shi yau, su tafi tare.